DAGA KASUWAR JIMETA ZUWA BAKIN TEKU: WA KE AUNA GUBAR NUKILIYA A RUWA?

Daga Wakilinmu na Yola

Mutumin da aka haifa a unguwar Nassarawo ta cikin Jimeta yana iya tsufa har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ɗora ido a kan teku ba. Ruwan da ya sani shi ne Binuwai, da tafkin Geriyo, da kuma Njuwa da ta yi suna da bikin su a can gefen Yola. Daga nan zuwa Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a mota. Saboda haka in ka tare shi da zancen gubar nukiliya a cikin ruwan teku, ba abin mamaki ba ne ya ce maka wannan damuwar Turawa ce da Japanawa, ina ruwan biri da gada.

To, amma a leƙa tukunyar gidansa. Kifin ƙanƙarar nan da manyan motoci masu sanyi ke saukewa kwali-kwali a Jimeta, watau su titus da kote da shawa, ba a Binuwai aka kama shi ba. Mai yawa daga cikinsa daga arewacin Tekun Atalantika ya fito, wajajen Norway da Holan da Ingila, wani kuma daga gaɓar Muritaniya da Maroko. Hukumomin aikin gona na Tarayya sun sha bayyana cewa ƙasar nan tana bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, alhali kuwa abin da muke samarwa da kanmu bai kai rabin haka ba. Sayowa muke yi daga waje don rage giɓin. Ashe ke nan ko ba mu je teku ba, teku tana zuwa mana har cikin miya.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Abin da ake kira tururin nukiliya ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi kuma da ɗanɗano. Wasu sinadarai ne waɗanda ƙwayoyinsu ba su da natsuwa, kullum suna farfashewa a hankali, kuma duk ƙwayar da ta fashe sai ta harbo wani ƙarfi mai iya ratsa naman jiki. Idan ya taru da yawa a jikin mutum, ya kuma daɗe, yakan haddasa ciwon daji. Ma'aunin da ake auna shi ana kiransa bekarel, daga sunan wani masani Bafaranshe, Henri Becquerel, wanda ya gano al'amarin a shekarar 1896. Bekarel ɗaya na nufin ƙwaya ɗaya tana fashewa a kowace daƙiƙa.

Kafin mai karatu ya tsorata, ya kamata ya san cewa Allah ya halicci teku da nata kason wannan tururi tun fil azal. A cikin kowace lita 1,000 ta ruwan teku, watau cikin duro biyar, akwai wajen bekarel 12,000 na wani sinadari mai suna fotasiyom-40. Jikin baligi ma yana ɗauke da kimanin bekarel 4,000 na wannan sinadarin, kuma da shi muke kwana muke tashi lafiya lau.

Wanda ake farauta shi ne wanda hannun ɗan Adam ya zuba, musamman sisiyom-137. Tsakanin 1945 da 1980 manyan ƙasashe sun fasa bama-baman ƙare-dangi fiye da 500 a sararin sama don gwaji, ƙurarsu ta zaga duniya, ruwan sama ya sauko da ita, kuma da yake teku ce ta mamaye fiye da kashi biyu cikin uku na doron ƙasa, a kanta yawancin ƙurar ta faɗa. Shi sisiyom-137 yana narkewa cikin ruwa kamar gishiri, kuma sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Kafin shekarar 2011 abin da ya rage na wannan gado a saman Tekun Fasifik bai wuce bekarel 1 zuwa 2 ba a cikin lita 1,000.

A dubi bambancin: 12,000 na halitta, 2 na ɗan Adam. Masu iya magana sun ce allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka, amma a wannan fage ba rabo ke aiki ba, haƙuri ne. Jirgin ruwa yakan tsaya a wani wuri da aka ƙayyade, a ɗebi ruwan sama-sama, wani lokaci lita 20, wani lokaci fiye da 100. Sai a bi da ruwan ta cikin wani gari na musamman wanda ke cafke sisiyom ya saki sauran gishiri. Ɗan abin da aka tace, wanda bai cika tafin hannu ba, shi ake sakawa cikin na'urar ƙidaya da aka kewaye da tubalan darma, don kada tururin da ke cikin bangon ɗaki da iska ya rikita lissafi. Na'urar takan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, tana ƙirga fashewar ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. Dalilin da ya sa aka fi damuwa da ruwan sama-sama kuwa shi ne, a nan ƙura take fara sauka, a nan igiyar ruwa ke kwasarta daga wannan nahiya zuwa waccan, kuma a nan kifaye irin su titus suke kiwo. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta buɗe ɗakin bincike domin wannan aiki a Monako tun 1961, kuma a can ake tattara sakamakon awon da ƙasashe suka yi.

DARASIN FUKUSHIMA

Ranar 11 ga watan Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar lantarki ta nukiliya da ke Fukushima a ƙasar Japan. Cikin watan Afrilu na wannan shekara awon da aka yi a bakin magudanar tashar ya nuna fiye da bekarel miliyan 50 a lita 1,000. Ruwan da ya kasance yana da 2! Ba don an san adadin da ke wurin kafin haɗarin ba, da babu mai iya cewa ga yawan abin da ya ƙaru.

Akwai kuma wata dabara mai ban sha'awa. Tare da sisiyom-137 tashar ta fitar da ɗan'uwansa, sisiyom-134, wanda shi cikin shekara biyu kawai yake raguwa da rabi. Na zamanin gwajin bama-bamai ya riga ya ƙare tuntuni, saboda haka duk inda aka tsinci sisiyom-134 a teku an san sawun Fukushima ne. Da wannan sawu masana suka bi gubar tana ƙetare Fasifik, har a watan Fabrairu 2015 aka same ta a gaɓar yammacin Kanada, amma ta tsinke ƙwarai, ba ta kai bekarel 2 a lita 1,000 ba. Wasu daga cikin ruwan da aka auna a wannan gaɓa ma ba ma'aikata suka ɗebo ba, mutanen gari ne suka cika jarkoki masu cin lita 20 suka aika wa cibiyar binciken teku ta Woods Hole da ke Amurka.

Ranar 24 ga Agusta 2023 Japan ta fara sakin ruwan da aka yi amfani da shi wajen sanyaya tashar, wanda ya taru fiye da tan miliyan 1.3 a cikin tankuna. An tace shi, sai dai akwai sinadarin tiritiyom wanda ba ya tatuwa, don haka ake sirka shi da ruwan teku har ya koma ƙasa da bekarel 1,500 a lita ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta sa iyakar tiritiyom a ruwan sha a kan bekarel 10,000. Duk da haka ƙasar Sin ta hana shigo da kifin Japan a ranar da aka fara sakin. Abin lura shi ne yadda aka fara sassauta rigimar: sai da aka amince a watan Satumba 2024 cewa masanan Sin za su ɗebi ruwan da hannunsu su auna a ɗakunan bincikensu. Babbar ƙasa ba ta yarda a auna mata a faɗa mata ba.

Shi kuma arewacin Atalantika, inda kifinmu ke fitowa, yana da nasa tarihin. Daga 1949 zuwa 1982 ƙasashen Turai sun jefa ganguna fiye da 200,000 na sharar nukiliya cikin zurfin da ya wuce mita 4,000, kafin a haramta wannan ɗabi'a gaba ɗaya a 1993. A shekarar 2025 wani ayarin masana na Faransa ya koma wurin ya gano fiye da ganguna 3,000 kwance a ƙasan teku. Bugu da ƙari, masana'antar Sellafield ta Ingila da ta La Hague ta Faransa sun shekara da shekaru suna sakin ruwa mai ɗauke da guba, igiya tana kai shi har gaɓar Norway. To, shin a daina cin titus ke nan? A'a. Mutanen Norway suna auna ruwansu da kifinsu a kai a kai, kuma abin da suke samu na sisiyom a cikin kifi yawanci bai kai bekarel ɗaya a kilo ba, alhali iyakar da aka amince da ita a cinikin abinci tsakanin ƙasashe 1,000 ce, ta Japan mai tsanani kuwa 100. Uwargida ta ci gaba da suyarta. Sai dai mu tuna cewa wannan kwanciyar hankali da awon wasu muka same ta.

MUN TAƁA GANI

Ba baƙon al'amari ba ne a gare mu. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, ana saura 'yan watanni mu sami mulkin kai, Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, bam mai ƙarfin da ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu. A tsakiyar hunturu aka yi wannan, lokacin da iska ke kaɗowa daga hamada zuwa kanmu. Wata taswirar sojan Faransa da aka ɓoye, wadda jaridun ƙasar suka buga a 2014, ta nuna cewa ƙurar ta bazu a kan Afirka ta Yamma, ta kuma kai har Fort Lamy, watau Njamena ta yau, wadda ba ta da nisa sosai da mu. Da Faransa ta sake fasa na uku a ƙarshen Disamba 1960, sai gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a watan Janairu 1961, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa sauka a Nijeriya. Ƙasa 'yar wata uku da samun 'yanci ta yi wannan, kuma ina ganin bai kamata a bar 'yan makaranta su manta da shi ba. A sakamakon wannan gwaji ne aka kafa sashen kare jama'a daga tururin nukiliya a Jami'ar Ibadan a 1964, domin gwamnati ta gane cewa ƙorafi ba tare da lissafi a hannu ba bai cika tasiri ba.

Wani abin mamaki ya biyo baya bayan shekaru sittin. A watan Maris 2022 ƙurar Sahara ta lulluɓe Turai, aka sami ɗan sisiyom a cikinta, kowa ya ce ai ga bam ɗin Reggane ya koma gida. Da masana suka natsu suka auna, sai binciken da suka buga a farkon 2025 ya nuna cewa alamun da ke cikin ƙurar sun fi dacewa da gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma adadin bai kai na cutarwa ba. Awo ba ya son kai. Yakan kama mai laifi, yakan kuma wanke wanda zato ya rataya wa.

Sai kuma Koko. A tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka jibge kimanin tan 3,800 na shara mai guba a wani fili cikin wannan ƙaramin garin tashar jiragen ruwa na tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu yake Jihar Delta. Ba masu gadin gaɓarmu suka gano ba, ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka tona asirin. Tsoron farko da ya kama jama'a shi ne ko akwai gubar nukiliya a cikin gangunan, har sai da aka gayyato ƙwararru daga ƙasashen waje su duba. Yawancin kayan dai sun kasance dafin masana'antu ne. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kira jakadanta daga Roma, ta tilasta aka kwashe sharar, ta kafa doka mai lamba 42 ta 1988 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan kaya, sa'an nan ta kafa hukumar kare muhalli ta Tarayya. Yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba Afirka har da ta nukiliya, tana cikin 'ya'yan da Koko ta haifa.

Yau dai ba za a ce ba mu da ma'aikatu ba. Akwai cibiyar binciken teku da ke Legas tun 1975. Akwai hukumar kula da al'amuran nukiliya wadda dokar 1995 ta tanada, ta kuma fara aiki a 2001. Akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, da na'urorin ƙidaya irin waɗanda muka ambata. Aikin da ke gabansu kuwa ba ƙarami ba ne. Gaɓar tekunmu ta kai kilomita 850, kuma a kanta ake haƙar mai. Ruwan da ke fitowa daga rijiyoyin mai yakan taho da sinadarin radiyom daga ƙarƙashin ƙasa, kamfanoni kuma suna aiki da ƙananan kayan nukiliya wajen duba rijiyoyi da bututu. A watan Disamba 2002 irin waɗannan kaya guda biyu sun ɓace daga motar wani kamfanin Amurka a yankin Neja Delta, daga baya aka tsince su cikin tarin tsofaffin ƙarafa a Jamus.

Irin wannan sakaci da ƙarafa ne ya jawo wa Indonesiya asara a 2025. Ma'aikatan Amurka sun sami sisiyom-137, wajen bekarel 68 a kilo, cikin daskararren jatan lande da aka kai musu daga can. Da aka bi diddigi, ba daga teku gubar ta fito ba, daga wata masana'antar narka ƙarfe ce da ke maƙwabtaka da inda ake shirya abincin. An kama shi ne kawai saboda akwai na'ura a tashar jiragen ruwa, kuma akwai mai dubawa.

BINUWAI MA TEKU TA NUFA

Duk ruwan da ya bi ta ƙarƙashin gadar Jimeta, Lokoja ya nufa ya haɗu da Kwara, daga nan sai Atalantika. Saboda haka ba masu karɓa kawai ba ne mu, muna cikin masu aikawa. Duwatsun da ke shayar da wannan kogi kuwa suna da yuraniyom a wasu wurare. An san da shi a Ghumchi ta wajen Michika, da Mika a Jihar Taraba, inda kamfanin yuraniyom na Nijeriya da aka kafa a 1979 ya yi bincike, haka kuma a Kitongo kusa da Poli cikin Kamaru, a yankin da ruwansa ke gangarowa Binuwai. Muddin yana kwance cikin dutse, ɗan abin da ruwa ke wankowa kaɗan ne. Ranar da aka fara fasa dutsen ana niƙawa, magana ta canja.

Wanda ke shakka ya tambayi 'yan'uwanmu na Arlit a Jamhuriyar Nijar, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971. Sai a ƙarshen 2003 wata ƙungiyar masana mai zaman kanta daga Faransa ta je don aunawa, aka ma ƙwace mata kayan aiki a filin jirgin saman Yamai. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a wurare biyar a yankin, huɗu daga ciki suka zarce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa yuraniyom a ruwan sha. Gardama ta kaure: shin haƙar ce ta ɓata ruwan, ko kuwa can da ma haka ƙasar take? Irin wannan gardama takan yi wuyar yankewa in babu awon da aka ajiye tun kafin a sa diga, kuma talaka ne ke shan ruwan yayin da ake musu. Lokacin da aka rufe mahaƙar Cominak a watan Maris 2021, ta bar wajen tan miliyan 20 na dusar ma'adini a gefen gari.

Mutanen Jimeta ba sa bukatar a koya musu amfanin ajiye awo. Masunci ko mai kwalekwale yakan dubi ƙafar gada da safe ya ce ruwa ya hau, dalili kuwa ya san inda alamar ta tsaya jiya. Da irin wannan sani ne wasu suka kwashe iyali da hatsi a 2012 da 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo. Abin da ya kamata a yi wa tururin nukiliya ke nan: a sa masa alama yanzu da babu tashin hankali. A ganina, hukumar raya kogin Binuwai ta sama, wadda hedkwatarta ke nan Yola, da Jami'ar Modibbo Adama, su ne suka fi cancanta su ɗauki nauyin ɗebo ruwa da laka da kifi sau biyu a shekara, da rani da kuma lokacin cikar kogi a watan Satumba, a aika Zariya, a yi haka kuma a Lokoja da bakin teku. Sakamakon kada ya kwanta cikin fayil. A buga shi a jarida, a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci, kamar yadda ake sanar da tsayin ruwa da damina. Haka nan hukumomin da ke duba kifin da ake saukewa a Apapa da Fatakwal su riƙa bayyana wa jama'a adadin da suka samu, ko da kuwa adadin mai daɗin ji ne.

Ɗebo ruwan ba ya bukatar jirgi mai tsada. Jarkar da aka yi aiki da ita a gaɓar Kanada mai cin lita 20 ce, irin wadda 'yan ga-ruwa ke jerawa goma ko goma sha biyu a kura suna turawa cikin lungunan Nassarawo kowace safiya.